Dan Allah shawara: in cire ƙofofin tsohuwar Landirobata ko in bar su?

Ɗan Fadama:

Slm 'yan uwa barkanmu da war haka. Masu sanin mota da tsofaffin direbobi ina neman shawararku. Ina da wata tsohuwar Landiroba mai buɗaɗɗen baya, irin 109 ɗin nan, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, da aka zo rabon gado wasu suka ce a kira 'yan gwangwan su saye ta ni kuma na ce a bar min ita a cikin kasona. Da ita nake shiga fadama can wajen Guri, in kai taki da injin ban ruwa da jarkokin mai, in kwaso shinkafa ko tattasai in lokacinsu ya yi, kuma har yau in na sa mata ogzilari, giyar nan ta ƙarfi da tayoyi huɗu ke ja, ba yashi ba taɓo babu wanda ke riƙe ta.

Matsalar ƙofa ce. Ta ɓangaren direba ta sauka, sai na tallafo ta da gwiwa na ɗaga sannan na buga take kamawa, kuma ko ta kama da na faɗa rami sai ta wage da kanta, yanzu haka da robar tub nake ɗaure ta a jikin kujera. Ɗayar kuma ƙasanta ya ruɓe duk wata farar hoda ke zuba. Na kai wa wani mai gyara kuɗin da ya yanka min ba ni da su a yanzu, ga kuɗin taki a gabana. To shi ne ƙanena ya nuna min bidiyon Amurkawa a TikTok suna hawa duwatsu da Jeep babu ƙofa ko ɗaya, ya ce Yaya me zai hana ka kwance su kawai ka huta, ga iska ga sauƙin hawa da sauka. Wlh abin ya shiga raina don zafin da ake yi a cikinta watan Afrilu sai wanda ya shiga. Abin da nake tsoro kar bodin ya saki in babu ƙofa, sannan nakan hau kwalta da ita zuwa Haɗeja kai kaya, ban san yadda za mu kwashe da ma'aikatan hanya ba. In kuma cirewar ce ya ake yi ba a yi ɓarna ba? Ngd.

Fanal Bita Kano:

Wslm Malam. Allah ya jiƙan Baba. Ta fannin bodi kwantar da hankalinka ba abin da zai saki. Motoci kashi biyu ne, akwai wadda aka ɗora bodinta a kan casis irin taka da Hilux da Land Cruiser, nauyi duk casis ne ke ɗauka, ƙofa rataye kawai take. Akwai kuma wadda bodin shi ne ƙashin bayanta irin su Golf da Sharon, waɗannan ba a wasa da su, duk abin da ka rage a jikinsu ka rage ƙarfin da za su tare ka da shi ranar karo. Taka tana cikin kashi na farko.

Amma ni kafin ka cire zan ce a duba, don abin da ka lissafa ba mutuwar ƙofa ba ce. Saukar da ta yi fin ɗin hinji ne ya cinye, ko kuma filar da aka ɗaure hinjin a jikinta ce ta yi tsatsa, ka buɗe ƙofar rabi ka kama ƙarshenta ka jijjiga sama da ƙasa ka sa wani ya kalla, in hinjin ne ke wasa aikin yini ɗaya ne, in kuma filar ce ke motsi gaba ɗaya to sai walda. Farar hodar da kake gani kuma ga dalilinta: fatar ƙofar alminiyam ce, dalmar nan da ake tukunya da ita, shi ya sa 'yan gwangwan ke son motar, amma firam ɗin da ke ciki ƙarfe ne, to duk inda dalma da ƙarfe suka haɗu ruwa ya shiga tsakaninsu sai su dinga cin juna. Ana banƙare fatar a hankali a yanke ƙasan firam ɗin a sa sabon ƙarfe a mayar. Kar ka yarda mai walda ya kai wuta kan fatar, ɓulawa za ta yi.

In ka dage sai ka cire, ka jiƙa sukurorin da kananzir da baƙin mai tun dare, da safe ka zagaye hinjin da bakin ƙusa ka yi masa alama don ranar mayarwa. Ka fara kwance ƙarfen nan da ke tare ƙofa kar ta wage da yawa, sannan hinjin ƙasa, na sama shi ne ƙarshe, wani na riƙe da ƙofar. Notin da sukurun ke shiga a cikin fila yake a maƙale, in ka yi masa ƙarfi-ƙarfi ya ɓalle sai ya dinga juyawa tare da sukurun, daga nan aiki ya dawo sabo. Gara ka kwance ta ɓangaren ƙofar ka bar hinjin a jikin mota. Kuma ka duba madubinka a ina yake, in a kan hinjin ƙofa yake to ka san da shi za a yi maganar a hanya.

Abba 4x4:

Yaya Ɗan Fadama bari in ɗan yi bayani a kan bidiyon da aka nuna maka don ina bibiyar abin sosai. Jeep Wrangler tun daga kamfani an yi ta ne don a dinga cire ƙofar, asalinta ma motar sojan Amurka ce ta yaƙin duniya na biyu, Willys, wadda ba ta da ƙofa sam. Hinjinta a waje yake, noti biyu za ka kwance da makulli mai bakin tauraro T50, ka zare soket ɗin waya a ƙasan dashbod, ka ɗaga ƙofar sama ta fita daga fin ɗinta, sabuwar da ta fito 2018 har da 'yar jakar kayan kwancewar suke bayarwa. To amma abin da ba a nunawa a bidiyo shi ne motar tana da kejin ƙarfe da ya zagaye kan mutane saboda kifewa, kuma bel ɗinta ba a jikin ƙofa yake ba, kowa a ɗaure yake tam a kujerarsa, kujerar ma mai gefe ce tana rungume mutum. Duk da haka littafin motar da kansa ya ja kunne cewa cire ƙofa na hanyar daji ne, kar a hau titin jama'a a haka don an rasa kariyar da ƙofa ke bayarwa. Madubinta kuma a jikin ƙofa yake shi ya sa suke sayen wani su ɗaura, Ford da za su dawo da Bronco a 2021 sai suka mayar da madubin jikin mota kusa da gilashin gaba saboda wannan matsalar. Tambayata ita ce taka akwai bel mai aiki kuwa? don yawancin tsofaffin nan na ga an yanke shi tuntuni.

Ɗan Fadama:

Abba gaskiya babu, tun ina yaro ban taɓa ganin bel a cikinta ba. Kujerar ma katako ne da soso aka yi mata.

Baba Tsohon Direba:

Assalamu alaikum. Jikana ne yake rubuta min ina faɗa masa. Ɗana Allah ya yi maka albarka da ka riƙe motar mahaifinka, irinta na fara koyon tuƙi da ita ina yaron mota, lokacin ba a daɗe da komawa hannun dama ba a 1972, na yi shekaru ina bin hanyar Gumel da Maigatari da ƙauyukan da ke bayansu tun babu kwalta a mafi yawansu, ranar Alhamis in ci kasuwar Maigatari in juyo da dare.

Ka saurare ni da kyau. Motar nan ƙofarta hawa biyu ce, ka leƙa ta ciki ƙarƙashin taga za ka ga noti biyu, su ne suka riƙe rabin sama mai gilashin nan da ake turawa gefe. Da bazara su muke kwancewa mu zare saman mu ajiye a ɗaki, mu bar rabin ƙasa. Iskar da kake nema duk za ka samu, gwiwar hannunka a waje, kana leƙa tayarka in kana bin gefen rami, amma cinyarka da ƙafarka suna da abin da ya tare su. Turawan da suka ƙera ta don haka suka yi ta. In hunturu ya kama ka mayar, don buji in ya taso a jigawar nan ko hannunka ba ka gani, kuma sanyin asuba a fadama ba ya barin mai mota buɗe ya kai gona da lafiyar ƙirjinsa.

Rabin ƙasan nan kuwa kar ka taɓa shi. Kujerar Landiroba a kan akwati take, shimfiɗe take kamar benci, in ka cire ƙofa tsakaninka da ƙasa babu komai sai iska. Ni na ga abin da idona. Wata shekara mun taso daga wani ƙauye da buhunan gero, maigidana na tuƙi, ni ina tsakiya, wani dattijo mai kayan yana bakin ƙofa, ita ma ƙofar irin taka ce da igiya ake ɗaure ta, ranar an manta ba a ɗaure ba. Ba gudu muke ba wallahi, giya biyu ce, muka zo gangaren wani kwari tayar dama ta nutse a yashi motar ta karkata, sai kawai na ji gefena ya yi sanyi, na waiga babu dattijo. Zamewa ya yi kamar an zare shi, hularsa tana kan kujera. Allah ya sa maigidana ya taka birki nan take, tayar baya ta tsaya bai fi taku ɗaya da kafaɗarsa ba, babbar rigarsa ma tana ƙarƙashin tayar sai da muka yi baya aka zaro ta. Ya samu targaɗe a hannu ya tashi yana salati. Maigidana bai ƙara tayar da motar nan ba sai da aka gyara makullin.

Kuma ka tuna kai a hagu kake zaune, in ka hau kwalta duk tirela da tifa da za ku yi kiciɓis ta gefenka za su wuce, tsakuwar da suke watsowa ƙofa ce ke sha. A burtali kuma ƙayar magarya da sarƙaƙiya su ma ita suke karta, dubi jikin ƙofarka ka ga zanen da ke jiki, duk wannan da a jikinka yake.

Wuri ɗaya na yarda da buɗe ƙofa, wajen ƙetare ruwa. In damina ta yi nisa ruwa ya shafe hanya za ka shiga, to a sauke mutane su taka da ƙafa, kai kuma ka kwance duk wata igiya ka bar ƙofa a sake yadda da ka tura za ta buɗe. Robar tub ɗin nan da kake ɗaurewa ita ta fi ba ni tsoro a maganarka duka, in mota ta kwanta a ruwa yaushe za ka tsaya kwance ƙulli.

Manomi Daga Kura:

Baba Allah ya ƙara lafiya, maganarka dutse. Amma bari in faɗi nawa tunda ni na yi abin da yake tambaya. Ina da tsohuwar Hilux a gonarmu ta Kadawa shekara uku kenan ba ƙofa, kuma ban yi nadama ba, sai dai ita ko kwaltar Zariya ba ta taɓa hawa, daga gona sai bakin hanya inda manyan motoci ke lodin tumatir, lambarta ma ta daɗe da faɗuwa. Amfanin da na gani shi ne a yini sai in sauka sau talatin, buɗe ruwa, toshe ruwa, duba kwanduna, sannan hanyar gefen kanal ƙunci gare ta in kana ganin tayarka da ido ba ka zubawa a ciki. Abin da na sha kuma ga shi: damina ɗaya soson kujera ya ruɓe, ƙura ta kashe min makunnin fitila da mita, kaji suka mayar da ƙarƙashin sitiyari wurin ƙwai, ɓeraye suka cinye waya, sannan dole kullum in zare batir in tafi da shi gida don mota ba ƙofa ta kowa ce. Sau ɗaya kuma na tarar da kububuwa kwance a ƙasan kujera da sassafe, tun ranar sai na buga sanda nake shiga. Kuma doka na kafa, ba mai zama a gaba sai ni, leburori a baya suke zama a ƙasan bodi. To kai da kake zuwa Haɗeja da ita ba na ba ka shawara. Maganar ma'aikata kuwa bel da madubi suna cikin abin da ake dubawa, tun 2003 aka fara tilasta ɗaura bel a ƙasar nan, ka zo ba bel ba madubi ba ƙofa ai kai ma ka san ba ka da bakin magana.

Maman Ilham:

Malam Ɗan Fadama ka yi haƙuri in sa baki duk da ban san kan mota ba, ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a nan Jigawa. Kowa yana maganar kai direba, ni tambayata wa kake ɗauka? Don na san motar ƙauye, ba a taɓa barinta ta tafi da mutum ɗaya, ka fito daga fadama za ka tarar da tsohuwa da ƙullin kaya a bakin hanya, ga 'yan makaranta, ga mai ciki da za a kai awo, kuma ba za ka iya wuce su ba tunda duk 'yan uwa ne. Su Amurkawan nan wasa suka fita yi ranar hutu, kai kuwa motarka ita ce motar asibitin unguwarku ranar da haihuwa ta zo da gardama cikin dare.

Bara da kaka an kawo mana wani yaro bai wuce shekara goma sha biyu ba, an ɗauko shi a gaban wata a-kori-kura marar ƙofa, ya ɗora ƙafarsa a bakin dokin ƙofar yana jin daɗin iska kamar yadda yara ke yi, suka bi ta gefen wata gona da aka sare itace, kututture ya kama ƙafar. Ba zan kwatanta muku yadda na ga idon sawun ba, mu dai tsayar da jini kawai muka iya muka tura su babban asibiti, silifas ɗinsa ɗaya mahaifinsa ya shigo da shi a hannu ya rasa inda zai ajiye. Direban kawunsa ne, zaune ya yi a ƙofar asibiti yana kuka kamar ƙaramin yaro. Yaron ya rayu alhamdulillah amma har yau da ɗingishi yake tafiya. Dan Allah in kuɗin gyaran ne matsala ka gyara ta fasinja tukuna ko da taka za ta jira.

Ɗan Fadama:

Innalillahi, Allah ya ba shi lafiya. Maman Ilham wlh kin taɓo inda ban yi tunani ba, Hajiyarmu ma a gaban nan take zama duk ranar da za ta ga likita, kuma 'ya'yana biyu kullum rigimarsu waye zai zauna bakin taga. Baba na gode Allah ya ƙara girma, yanzu na fita da tocila na leƙa na ga notin nan biyu da ka faɗa, shekara da shekaru ina cikin motar ban san saman yana fita daban ba, ɗaya ya yi tsatsa sosai na zuba masa kananzir. Robar kuma na kwance ta tun yanzu na sa sakata irin ta taga ta wucin gadi wadda hannu ɗaya ke zarewa. Oga na jijjiga ƙofar kamar yadda ka ce ƙanena na kallo, ya ce hinjin sama ne ke wasa filar ba ta motsi. Ana samun hinjin a Haɗeja ko sai Kano? kuma bel ɗin wace mota zai hau?

Fanal Bita Kano:

To alhamdulillah ka tsira daga babban aiki. Hinjin ka cire na saman ka riƙe shi a hannu ka shigo da shi Ƙofar Ruwa wajen masu tsofaffin kayan Landiroba, kar ka yi aike da baki don na hagu daban na dama daban. In ba a samu ba mai injin tonin, wato injin sassaƙa ƙarfe, zai fitar da tsohon fin ɗin ya yi maka sabo daidai ramin. Ranar ɗaurawa kar ka ƙulle sukurorin gaba ɗaya, ka rufe ƙofar ka sa katako a ƙasanta ta daidaita da bodi sannan ka ɗaure, bayan nan ka sassauta ƙarfen da harshen makulli ke kamawa a jikin fila ka matsar da shi har ka ji ƙofar ta kama da turi ɗaya. Bel kuma ko na tsohuwar Hilux zai yi, amma kar a ɗaure shi a jikin dalma kawai zai yage ta, sai an sa farantin ƙarfe mai kauri ta baya. Notin saman ƙofar da ya yi tsatsa ka bar shi ya kwana biyu yana shan kananzir, in ka karya sandar da yake kai sai an huda an sa wata. In ka zare gilasan ka jingine su a tsaye a ɗaki da buhu a tsakaninsu, notocin kuma ka mayar da su kan sandunansu kar su ɓata kafin hunturu.